Kabarin da Babu Kowa a Ciki

Ƙasar da Ubangijinmu ya yi zamansa cike take da kaburbura. A Hebron akwai wani babban gini na dutse tun na zamanin Hirudus, bisa kogon Makfela, inda Littafin Farawa ya ce an binne Ibrahim da Saratu, da Ishaku da Rifkatu, da Yakubu da Lai'atu. A bakin Baitalami akwai wurin da ake ce da shi kabarin Rahila. Gangaren Dutsen Zaitun kuwa fari fat yake da dubban kaburburan Yahudawa, gama sun daɗe suna so a binne su daura da Urushalima. Duk waɗannan ana ziyartarsu ne saboda waɗanda ake gaskata suna kwance a ciki. Amma kabarin da masu bi suka fi yin tururuwa zuwa gare shi, daga gabas da yamma, ana zuwa ne domin babu kowa a ciki. Shi ne muka je gani, mu 'yan ƙungiyar masu bi, maza da mata, a makon da ya bi bayan Ista. Ga labarin abin da muka gani, da abin da ya koya mana.

Hawa zuwa birni

Urushalima tana bisa tuddai, kimanin mita 750 sama da teku. Shi ya sa Littafi Mai Tsarki yakan yi maganar hawa zuwa Urushalima. Da asuba akwai sanyi ko a watan Afrilu, sai da kowa ya nemi rigar sanyinsa. Ganuwar da ta kewaye tsohon birni Sarkin Turkawa Sulaiman ne ya gina ta tsakanin 1537 da 1541. Muka shiga ta Ƙofar Dimashƙu, sai ga mu tsundum cikin kasuwa: ga masu kayan yaji, ga masu gurasa mai riɗi, ga yara suna tura amalanke suna neman hanya. Ta cikin wannan hayaniya hanyar da ake kira Biya Dolorosa ta ratsa, wato Hanyar Baƙin Ciki. Titin da Yesu ya taka yana can ƙasa da na yau, gama Romawa sun rushe birnin a shekara ta 70, an kuma yi ta gini bisa kufai tun daga lokacin. Duk da haka hanyar ta tuna mana abu guda. Ranar da aka fito da shi ɗauke da gicciye, jajiberen idi ne, gari ya cika, mutane suna ta harkokinsu.

Turawa suna kiran majami'ar da muka nufa Majami'ar Kabari Mai Tsarki. Girkawa suna ce mata Anastasis, wato Tashi. Mai yi mana jagora, wani Balarabe Kirista, ya ce su a bakinsu sunanta Kanisatul Ƙiyama. Da muka ji haka sai muka dubi juna, domin kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Mun saba jin tashin kiyama, ranar da za a ta da dukan matattu a ƙarshen zamani. Masu bi na wurin sun ba gini guda sunan wannan rana, domin sun gaskata a nan ne aka fara ta, da mutum ɗaya, tun kafin ƙarshen ya zo.

Me ya kawo kabari tsakiyar gari?

Wannan ita ce tambayar da kusan kowa yake fara yi. Bishara ta nuna a bayan gari aka gicciye Yesu, Yahudawa kuma ba su binne matattu cikin birni. Ga shi kuwa majami'ar tana tsakiyar shaguna da gidaje. Amsar ita ce birnin ne ya girma ya haɗiye wurin. Kimanin shekara goma bayan gicciyewar, tsakanin 41 da 44, Sarki Hirudus Agaribas ya soma sabuwar ganuwa ta wajen arewa, wurin ya koma ciki.

Masu tonon kayan tarihi sun gano cewa wurin tsohuwar mahaƙar dutse ce. Da aka daina haƙa, sai aka yi ta noma a ciki, aka kuma sassaƙa kaburbura a jikin bangon dutsen. A shekara ta 2022 masana daga Jami'ar Safiyenza ta Roma suka soma tono a ƙarƙashin daɓen majami'ar, suka sami alamun itatuwan zaitun da kurangar inabi na zamanin dā. Wanda ya karanta Yahaya sura 19 zai tuna an ce akwai lambu a wurin da aka gicciye shi, kabarin kuma cikin lambun yake.

Tarihin ginin kansa doguwar wahala ce. Wajen shekara ta 135 Sarkin Roma Hadiriyan ya cike wurin da ƙasa, ya gina haikalin gumaka a kai. Bayan taron Nikiya na 325, Sarki Kwanstantin ya ba da umarni a rushe haikalin a tona. Yusibiyus, bishop na Kaisariya wanda ya rayu a lokacin, ya rubuta cewa kogon kabarin ya bayyana. Aka keɓe majami'ar farko a 335. Farisawa suka sa mata wuta a 614. Wani mai mulkin Masar, Alhakim, ya sa aka rushe ta a 1009. Aka sāke ginawa a 1048, aka faɗaɗa ta a 1149, kusan yadda take a yau. Gobara ta ci ta a 1808, girgizar ƙasa ta jijjiga ta a 1927. Kowane lokaci sai masu bi su dawo su tattara duwatsun.

Yadda ake jana'iza a zamanin Yesu

A bayan babban zauren majami'ar akwai wani ɗan ɗaki mai duhu, na Suriyawa. Jagoranmu ya haska tocila cikin wata kafa a bango, muka durƙusa muka leƙa. Ramuka ne dogaye da aka sassaƙa cikin dutse, kowanne daidai tsawon mutum. Kaburbura ne irin na Yahudawan zamanin Yesu, su ne kuma babbar shaida cewa wurin maƙabarta ce a bayan gari a wancan lokaci.

Masu hali ne suke da irin wannan kabari. Akan sassaƙa ɗaki cikin dutse da 'yar ƙofa gajera, wadda sai an sunkuya ake shiga. A wanke gawa, a naɗe ta da likkafanin lilin tare da kayan ƙanshi, a kwantar da ita, a toshe ƙofar da babban dutse. Bayan shekara guda, sa'ad da naman ya narke, iyalin sukan dawo su tattara ƙasusuwan su zuba cikin ɗan akwatin dutse, wani lokaci su rubuta sunan mamacin a jiki. Ta haka kabari ɗaya yakan ishi zuriya da yawa. Shi ya sa marubutan Bishara suka kula suka faɗa cewa kabarin Yusufu mutumin Arimatiya sabo ne, ba a taɓa sa kowa a ciki ba. Babu wata gawa da za a rikita da tasa.

An sami ɗaruruwan irin akwatunan nan a kewayen Urushalima, biyu daga cikinsu kuwa sun ja hankalinmu. A 1968 aka sami na wani mutum mai suna Yehohanan, da ƙusar ƙarfe har yanzu a soke cikin ƙashin diddigensa. Gicciye shi aka yi, duk da haka danginsa suka karɓi gawarsa suka binne ta da mutunci, kamar dai yadda Yusufu ya roƙi Bilatus. A 1990 kuma aka sami wani akwati mai ado ƙwarai, da sunan Yusufu ɗan Kayafa a jikinsa, da ƙasusuwan wani dattijo a ciki. Masana da yawa suna ganin babban firist ɗin nan ne wanda ya shugabanci shari'ar Yesu. Akwatin yana gidan ajiyar kayan tarihi na Isra'ila, mun tsaya a gabansa. Alƙalin an sami ƙasusuwansa. Wanda aka yanke wa hukuncin kuwa, shekara ta zagayo, babu abin da danginsa za su je su tattara.

Mun shiga

Da shiga ƙofar majami'ar, ta hannun dama akwai matakala mai tsayi zuwa Golgota. A ƙarƙashin bagadi akwai rami inda mutum zai zura hannu ya taɓa dutsen. Daga nan zuwa kabarin tafiya kaɗan ce, duk a ƙarƙashin rufi ɗaya. Kabarin yana cikin wani ɗan gini na marmara a tsakiyar babban zaure mai kubba. Ginin na 1810 ne, ya kuwa tsufa har Ingilishi suka ɗaure shi da ƙarafa a 1947 don kada ya faɗi. A 2016 ƙwararru daga Atina suka soma gyaransa. A watan Oktoba na shekarar suka ɗaga marmaran da ya rufe makwancin, karo na farko cikin ɗaruruwan shekaru, suka tarar da wani tsohon marmara a ƙasa, a ƙarƙashinsa kuma ga ainihin dutsen. Da aka auna turɓayar ginin da ke tsakani, sai ta nuna ƙarni na 4, wato zamanin Kwanstantin. Sun bar 'yar taga a bango domin mai ziyara ya ga dutsen kogon da idonsa.

Mun daɗe a layi. A gabanmu akwai mutanen Habasha cikin fararen mayafai, a bayanmu mutanen Indiya da na Rumaniya, kowa yana addu'a da harshensa. Ɗakin ciki mutum uku ko huɗu kawai yake ɗauka. Ƙofar gajera ce, babba da yaro sai sun sunkuya. Ga fitilu a rataye, ga shimfiɗar marmara ta hannun dama, shi ke nan. Kafin ka gama addu'a mai tsaron ƙofa yana cewa a fito, wasu suna jira.

A cikinmu akwai wata uwa wadda ɗanta na fari ya rasu cikin hatsarin mota bara waccan, ya bar mata jikoki biyu. Duk tafiyar ba ta cika magana ba. Da muka fito tsakar gida muka zauna bisa matakala, sai ta juya wajen dattijon faston da ya shugabance mu ta ce, "Baba Fasto, na gani, nasa a buɗe yake. To, na ɗana fa? Da hannuna na zuba ƙasa."

Dattijon ya yi shiru tukuna. Sa'an nan ya ce, "'Yata, in kika ga an yanko zangarniyar gero ta fari an kawo gida, me kike sani game da sauran gonar?"

Ta ce, "Ta kusa girbi, Baba."

Ya ce, "Haka ne. Gona ɗaya ce."

Daga nan ya buɗe mana Littafin Firistoci sura 23. A makon Idin Ƙetarewa, kashegarin Asabar, akan kawo damin sha'ir na fari a miƙa shi a gaban Ubangiji, kafin kowa ya ci sabon hatsi. A irin wannan rana ce, ranar farko ta mako, aka tarar da kabarin a buɗe. Wannan ne Bulus yake nufi a 1 Korantiyawa sura 15 da ya kira Almasihu nunan fari. Tashinsa somin girbi ne, waɗanda suka mutu cikinsa kuwa su ne sauran gonar. Uwar nan ba ta daina kuka ba a ranar, ba wanda kuma ya ce ta daina. Yesu ma ya yi hawaye a Betanya, a bayan Dutsen Zaitun ɗin nan, ko da yake ya san abin da yake shirin yi wa Li'azaru. Abin da Bulus ya roƙi Tasalonikawa shi ne kada baƙin cikinsu ya zama irin na marasa sa zuciya. Masu bi na farko har suna suka sāke wa maƙabarta, suka kira ta da kalmar Girkanci mai ma'anar ɗakin kwana. Wanda ya shiga ɗakin kwana, ana sa ran ganinsa da safe.

Tsani da mabuɗi

Akwai abin da ya ɓata mana rai a wurin, ba za mu ɓoye muku ba. Ikkilisiyoyi shida ne suke raba ginin: Girkawa, da Katolika, da Armeniyawa, da Kibɗawan Masar, da Suriyawa, da Habashawa, waɗanda 'yan ɗakunansu suke bisa soro. Kowace tana da nata lungu, da nata sa'a, da nata fitilu. Saboda yawan gardama, sarakunan Turkawa suka kafa doka a 1757, suka ƙarfafa ta a 1852, cewa kome ya tsaya yadda yake. In ka ɗaga kai a tsakar gida za ka ga wani ɗan tsani na itace a jingine ƙarƙashin taga. Yana nan tun ƙarni na 18, domin ba mai ikon kawar da shi sai duka sun yarda. An sha ba hammata iska a wannan wuri mai tsarki kan shara da kujera.

Mabuɗin babbar ƙofar kuwa yana hannun Musulmi. Gidan Juda ne suke ajiye shi, gidan Nusaiba suke buɗewa da rufewa, gado ne na ɗaruruwan shekaru, sun kuwa riƙe amanar. Akwai kuma labarin da Musulmi da Kirista na birnin duka suke bayarwa, cewa da Halifa Umar ya karɓi Urushalima wajen 638, ya ƙi yin salla cikin majami'ar don kada na bayansa su mai da ita masallaci. Masallacin da ake kira da sunansa yana nan daura da tsakar gidan.

Kafin mu yi wa masu tsanin dariya, sai mu duba gida. Ikkilisiya nawa ce a cikinmu take da nata tsanin, wata tsohuwar magana tsakanin gida biyu wadda ba mai iya taɓawa, har jikoki sun gāda ba su san mafarinta ba? Amma ko a can an ga sauyi. Gyaran 2016 bai yiwu ba sai da manyan ikkilisiyoyi uku suka zauna suka sa hannu tare, suka sāke yarda a kan gyaran daɓen da ya biyo baya. Ganin ginin yana shirin faɗuwa a kansu duka ne ya haɗa su.

Kabarin cikin lambu

Kashegari muka je wani wuri a arewa da Ƙofar Dimashƙu. An gano wani kabari a nan a 1867. A 1883 wani janar na Ingila, Gordon, wanda daga baya ya mutu a Kartum, ya dubi tsaunin da ke kusa ya ce ya yi kama da ƙoƙon kai. Wata ƙungiya ta Ingila ta sayi filin a 1894, ita ce take lura da shi. Wuri ne mai daɗi, da inuwa da furanni, da tsohuwar matsewar inabi, da babban tafkin ruwa a ƙarƙashin ƙasa. A gindin tsaunin kuwa tashar mota ce, ana ta hayaƙi da oda.

Masu binciken tarihi sun nuna wannan kabari ya girmi zamanin Yesu da shekara ɗari shida ko bakwai, don haka da wuya ya zama sabon kabarin Yusufu. Masu lura da wurin ma ba su nace ba. Wanda ya zagaya da mu ya ce abin da ya fi muhimmanci shi ne wanda ya tashi, ko a ina ne aka kwantar da shi. A nan mutum yakan ga yadda lambu da kabarin dutse suke a fili, ba marmara ba fitilu. Muka zauna a inuwa muka ci Jibin Ubangiji da 'yan ƙoƙunan itacen zaitun, muka yi waƙa da Hausa.

A nan ne matan ƙungiyarmu suka tuna mana da wani abu. Dukan Bishara huɗu sun nuna mata ne suka fara zuwa kabarin, Maryamu Magadaliya a gaba. A zamanin ba a ɗaukar shaidar mace da nauyi a gaban shari'a. Wani arne mai ilimi, Kelsus, ya yi wa Kirista ba'a a kan wannan a ƙarni na 2. Da ƙaga labarin aka yi, da an sa shi a bakin manyan maza. Matan nan kuwa ba wa'azi ya fito da su ba. Aikin gyaran gawa ne suka zo ƙarasawa, irin aikin da har yau mata suke ɗauka a gidan makoki, suna tafe suna damuwar wanda zai kawar musu da dutsen. A bakin wannan aiki aka ba su labari mafi girma, aka aike su wurin manzanni.

Ban da su akwai wasu shaidu. Bulus ya rubuta wa Korantiyawa wajen shekara ta 55, ya lissafa Bitrus, da sha biyun, da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda, ya ce yawancinsu suna da rai, wato mai shakka ya je ya tambaya. Ya ambaci Yakubu ɗan'uwan Yesu, wanda dā bai gaskata da shi ba, amma ya zama shugaban ikkilisiyar Urushalima. Yusifus, marubucin tarihin Yahudawa, ya ba da labarin yadda aka jajjefe Yakubun nan a shekara ta 62.

Hanyar Imuwasu da bakin teku

Luka ya ce Imuwasu tana da nisan kimanin mil bakwai daga Urushalima. Garuruwa da dama suna cewa su ne ita, har da Imwas, da Kubaiba, da Abu Gosh. Mu a Abu Gosh muka tsaya, inda akwai tsohuwar majami'a ta ƙarni na 12 da aka gina bisa maɓuɓɓugar ruwa. Muka karanta labarin mutum biyun nan da suka juya wa birni baya, zuciya a karye. Yesu ya yi tafiya da su ba su gane shi ba, ya fassara musu Littattafai, sai a kan abinci idonsu ya buɗe. Da ba su matsa wa baƙo ya kwana ba, da sun rasa. Iyayen gida, ku lura da wannan. Akushin tuwon dare da tabarmar baƙo suna cikin wuraren da Ubangiji rayayye yake bayyana kansa.

Daga nan muka gangara arewa zuwa Tekun Galili. Tafki ne na ruwan daɗi, tsawonsa kilomita 21, faɗinsa 13, yana kuwa fiye da mita 200 ƙasa da teku, saboda haka akwai ɗumi. A 1986, da fari ya sa ruwan ya janye, aka sami wani jirgin masunta na zamanin Yesu a cikin laka, tsawonsa ya ɗan ɗara mita 8. Yana nan a Ginosar, an yi masa faci da itace iri iri, jirgin talakawa ne sosai. A Tabga akwai 'yar majami'a ta baƙin dutse da aka gina a 1933, inda ake tunawa da Yahaya sura 21. Muka tuɓe takalma muka tsaya a bakin ruwa.

Ku dubi abin da Ubangiji ya yi a wurin. Ya ci nasara bisa mutuwa, ga shi kuma ya hura gawayi yana gasa wa masunta kifi, gama sun kwana suna aiki ba su kama kome ba. Bitrus ya yi musunsa sau uku a bakin wata wutar gawayi. A bakin wannan wuta aka tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, aka kuma danƙa masa kiwon garke. Ba a tone masa laifinsa a gaban jama'a ba, ba a kuma yi kamar laifin bai faru ba. Duk gidan da aka yi ɓatacciya tsakanin miji da mata, ko uba da ɗa, yana da abin koyo a nan.

Lahadi ranar aiki ce

Abu na ƙarshe da ya ba mu mamaki shi ne safiyar Lahadi a Urushalima. Juma'a ta Musulmi ce, Asabar ta Yahudawa. Lahadi kuwa motoci sun cika titi, yara sun tafi makaranta, ofisoshi a buɗe. Haka take a zamanin manzanni. Kalmar Lahadi ma daga Larabci take, ma'anarta rana ta ɗaya. Almajiran Yahudawa ne waɗanda suka tashi cikin kiyaye Asabar, sai ga su suna taruwa a ranar farko ta mako, domin a ranar ce ya tashi. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Roma, Filini, ya rubuta wa sarkinsa cewa Kirista sukan taru a wata ƙayyadaddiyar rana tun kafin gari ya waye, su yi wa Almasihu waƙa, su ɗauki alkawari ba za su yi sata ko zina ko cin amana ba. Sai a 321 Kwanstantin ya mai da Lahadi ranar hutu. Kusan shekara 300 ke nan masu bi suna fita daga sujadar tashin Almasihu kai tsaye zuwa gona da kasuwa.

To, ya mai karatu, me wannan yake nufi a gidanka? In Almasihu ya tashi, Allah ya karɓi hadayarsa, zunubin da ka tuba daga gare shi an gafarta, kada ka ci gaba da ɗaukarsa. In ya tashi da jiki, har aka taɓa shi, ya kuma ci abinci, jikin nan namu yana da daraja, saboda haka jinyar mara lafiya da ciyar da maraya aikin Ubangiji ne. In ya fi ƙarfin kabari, ba sauran dalilin ɗaura wa yaro laya don tsoron maye ko fatalwa. In akwai tashin matattu, mudun da ka auna da gaskiya a kasuwa ba asara ba ne, ko da maƙwabcinka ya fi ka riba. Bulus ma da maganar aiki ya rufe dogon bayaninsa a kan tashin matattu, ya ce wahalar da aka sha cikin Ubangiji ba ta tafiya a banza. Nan da nan kuma ya shiga zancen tara gudummawa domin matalautan Urushalima, kowace ranar farko ta mako.

Mu ma kada mu manta da masu bi na wannan birni. Sun ragu ƙwarai, ba su kai biyu cikin ɗari na mazaunansa ba. Annobar 2020 ta sa aka rufe majami'ar a lokacin Ista, yaƙin da ya ɓarke a Oktoba 2023 kuma ya hana baƙi zuwa na tsawon lokaci, iyalai da yawa da suke ci daga hidimar masu ziyara suka shiga matsi. Duk da haka a kwanakin Ista ba su gaisuwa sai da cewa Almasihu ya tashi, ɗayan kuma ya amsa ya tabbatar. Ku sa su cikin addu'ar gidanku, tare da maƙwabtansu Yahudawa da Musulmi.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Toma ma haka ya ɗauka, Ubangiji kuwa ya nuna masa hannuwansa, sa'an nan ya sa albarka ga waɗanda za su ba da gaskiya ba tare da gani ba. Yawancin masu karanta wannan ba za su taka Urushalima ba, albarkar nan kuwa tasu ce. A wannan wata muna ba kowane gida shawara a karanta Luka 24, da Yahaya 20 da 21, da 1 Korantiyawa 15, sura ɗaya kowane mako bayan abincin dare. A bar yara su yi tambaya. In kuma akwai gwauruwa ko gidan makoki a unguwarku, ku gayyace su ku karanta tare.